Malam Halliru Kafinta da Tagar Hansai

Shekara talatin da 'yan kai, in aka idar da sallar asuba a Wudil, akwai mutum ɗaya da ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Malam Halliru kafinta ke nan. Zai gaida liman, ya gaida na kusa da shi, ya zura takalmansa, ya miƙe zuwa rumfarsa ta gindin durumi a kan hanyar kasuwa. Kafin mai koko ta sauke tukunya ya riga ya share wurin, ya tara ɓarɓashin katakon jiya a kwando saboda matan unguwa masu hura wuta, ya zauna bisa gungume da ɗan dutsensa yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ƙusa ko ta lanƙwashe kamar ƙugiya, Malam Halliru ba ya yar da ita. Sai rana ta ɗago sannan ya soka fensir a bayan kunne, ya ɓara goro, ya yi bismilla, ya ɗauki zarto. Mutanen unguwar ba su da agogo, ba su kuma damu ba. Da sun ji kukan zarto sun san hantsi ya yi, in ya yi shiru sun san azahar ta gabato.

To, a wannan damina ta 1959 zarton ya yi shirun da ba na azahar ba. Yanar ido ce ta rufe wa Malam Halliru gani, har ya kai ba ya ganin layin fensir a jikin katako, shi kuwa ya ce ba zai yanka kayan mutane da lalube ba. Ya raba kayan aikinsa ga waɗanda ya koya wa sana'a, ya koma zaurensa ya zauna.

Abin haushin shi ne, da wani babban ma'aikaci ne ya ajiye aiki, da an shimfiɗa tabarmi an yi ta jawabi har rana ta faɗi. Amma kafinta? Wallahi har masu zama a kan bencin da ya yi ba su lura rumfar ta tashi ba, sai da ƙyauren wani ya ɓalle, ya ɗauko shi a ka, ya zo ya tarar da akuya kwance a wurin tana tuƙa. Shi ya sa muka ce ba da mu za a yi wannan butulci ba. Tun yana raye, tun kunnensa yana ji, bari mu rubuta godiyarmu a karanta masa.

Ɗan masassaƙa ne. Mahaifinsa turmi da taɓarya da ƙotar fartanya yake sassaƙawa da gizago, shi ma da su ya buɗe ido. Yana saurayi ya tafi Kano ya yi shekara shida a wurin aikin katako na En'e, ya dawo da zarto biyu, da guduma, da kurfi na huda katako, da wani taurin kai game da layi madaidaici wanda har yau bai bar shi ba. A lokacin mutanen gari dariya suke yi masa. Wa zai sayi teburi a garin da kowa yake da tabarma? Ba a daɗe ba masu dariyar suka fara zuwa a ɓoye suna tambayar akwatin lefe.

Bencin makarantar elementare shi ya yi su, kuma duk hutu sai ya zaga ya ɗaure waɗanda yara suka girgiza, ba wanda ya aike shi. Ƙyauren masallacin unguwarsu sau uku yana sake masa ƙafa. Wani bafatake da sa ya taka a kasuwar shanu ran Juma'a, Malam Halliru ne ya auna hammatarsa da igiya ya yi masa sandar dogarawa kafin la'asar, mutumin ya tafi ko sunansa bai tambaya ba. Ba mu ce ba shi da aibi ba. Yana da kaifin baki, kuma yabo a wurinsa ya fi ruwan bazara wuya. In ka kawo masa gyara, sai ya fara yi maka faɗan yadda ka wulaƙanta kujerar tukuna, kamar 'yarsa ce ka aura.

Duk wanda ya zo koyon sana'a a rumfar nan, babba ne ko yaro, abu ɗaya ake fara ba shi: firam. Katako huɗu, biyu dogaye biyu gajeru. A kowane baki za ka rage rabin kaurin wannan, ka rage rabin kaurin wancan, su kwanta a kan juna lif, sannan ƙusa ta bi. In ka gama, Malam Halliru ba ya ko kallon kyansa. Zare yake cirowa daga aljihu, ya ja daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare, ya ƙulla, ya juya ya gwada ɗaya ƙetaren. In ƙullin ya faɗa daidai, ka ci. In bai faɗa ba, kwance za ka yi. Akwai wanda ya kwance sau tara. Yakan ce ƙofa firam ce, teburi firam ne da ƙafafu, gado firam ne da ya kwanta, saboda haka wanda kusurwa huɗu ta gagara gara ya koma gona tun da sauran shuka.

Mutane da yawa sun yi firam ɗinsu na farko a gindin durumin nan. Amma in ana so a san ko wane ne Malam Halliru, sai a tambayi Labaran masunci.

Bazarar 1953 ce. Labaran a lokacin ya ba arba'in baya, gidansa yana can unguwar masunta a kan gaɓar kogi. Matarsa Hansai ta yi shekara ashirin tana bandar kifi, tana kwana a ɗakin da ba shi da ko ƙofar iska, sai hayaƙin ya zauna mata a ƙirji. Tari ya kama ta, irin wanda in ya taso sai ta dafa bango. Malamin disfensare ya ba ta magani, ya kuma ja Labaran gefe ya gaya masa gaskiya: in ta sake yin damina ɗaya a rufe a ɗakin nan, maganin ba abin da zai yi. Ta bar banda, kuma a sama mata ɗaki mai taga babba, inda iska za ta ratsa. Labaran ya kira Haladu magini, aka buga tubali, aka fara ɗora shigifa a bayan gida ta wajen ruwa.

Da hantsi ya yi sallama a rumfar kafinta.

"Labaran ne?" in ji Malam Halliru, bai ko ɗago ba. "Kifi ya ƙare a kogi ne, ka hau tudu war haka?"

Suka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi mai jiki. Labaran ya ce da sauƙi, muryarsa kuwa ba ta ce haka ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi, firam ɗin taga yake so. Malam Halliru ya nuna masa tarin katakon da ke bayansa, bencin sabon aji ne na makarantar garin Indabo, ana jira kafin a koma makaranta.

"Hannuna biyu ne, kuma duka an riga an kama su har kwana ashirin."

"Malam, Haladu ya ce kwana goma gini zai kai ƙirji. In ba firam a lokacin, rufewa zai yi ya wuce, don yana tsoron ruwa ya riske shi bai yi rufi ba."

Malam Halliru ya dube shi daga sama har ƙasa. "To ai kai ma hannu biyu gare ka. Zauna."

"Ni? Ni da ban taɓa riƙe zarto ba?"

"Kai da kake saƙa taru mai ido dubu ba ka ɓata ɗaya ba, kusurwa huɗu ce za ta kayar da kai? Zauna, ka cika ni da tsayuwa."

Ya hau gungume ya zaro wani falankin maɗaci daga saman rumfa. Shekara uku yana shanya shi a inuwa, don ya yi wa ɗakin matarsa Barakatu ƙyaure. Ku ji fa, matar kafinta da asabari a ƙofa! Har yau in aka tayar da zancen sai ta ce ita ce ta ba da tagar nan, ba shi ba.

Kwana uku Labaran yana zuwa. Ya riƙe zarto kamar mai tuƙa jirgi a cikin ambaliya, yana danna shi da ƙarfin kafaɗa. Malam Halliru yana can yana fama da bencinsa, amma kunnensa yana nan. "Ba tuƙi kake ba, mutumin ruwa! Sake shi ya ci da kansa." Ran nan gumi, gobe kanta a tafin hannu, jibi sai ga layi ya fara miƙewa. A rana ta uku katako huɗu suka fito, bakunansu takwas an rage su, in ka haɗa biyu sai su kama juna tsam ba tare da ƙusa ba. Labaran ya yi ta haɗawa yana rabawa yana murmushi shi kaɗai.

Washegari Malam Halliru zai raka kashin farko na benci zuwa Indabo a amalanken shanu. Ya ce, "Tafi da su gida ka adana su da kyau, kada rana ta taɓa su. Ran Lahadi na dawo mu buga ƙusa."

A nan aka yi ta. A gidan masunta, icen da kake ƙauna ruwa kake kai shi. Jirgi in ya yi mako a tudu tsagewa yake yi, filafilin tuƙi ma a ruwa yake kwana. Haka uban Labaran ya yi, haka kakansa ya yi. Saboda haka ya ɗaure katakon nan huɗu da igiya sabuwa, ya haɗa da dutse, ya nutsar da su a wani gurbi mai sanyi kusa da inda yake ɗaure jirgi. Kullum da safe sai ya jawo ya duba, ya ga sun yi jawur suna sheƙi, ya gode wa Allah ya mayar.

Lahadi ta zo, Malam Halliru bai dawo ba, ɗaya daga cikin shanun ya yi targaɗe a hanya. Gini kuwa ya kai ƙirji. Haladu ya tsaya da hannu a ƙugu yana duban gabas, inda hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa. Labaran ya ce a ransa, ƙusa takwas ce kawai ta rage, me zai jira? Ya tsamo katakon. Sai bakunan suka ƙi shiga juna, sun sha ruwa sun kumbura. Ya zaro wuƙar gyaran kifi ya fere nan, ya fere can, har suka shiga. Ya buga ƙusa, ya jingina firam a bango inda rana ta fi zafi don ya bushe da wuri.

Ranar bazara ta Wudil ba ta wasa. Kwana biyu ta yi a kansa. Katakon ya motse, kowace kusurwa ta buɗe baki har ɗan yatsa yana shiga, dogayen biyu suka murɗe, ɗaya ya tsage daga wurin ƙusa. In ka kwantar da shi a ƙasa, kusurwa uku su taɓa, ta huɗu tana sama tana rawa.

Haladu ya juya shi sau biyu ya ajiye. "Labaran, ba don na ɓata maka rai ba. In na sa wannan a gini, ƙyaure ba zai taɓa rufuwa a kansa ba. Ruwa da sanyi za su shiga su ƙarasa matar da kake son ceta. Ran Juma'a da safe zan ɗora, ko da taga ko babu."

Daga bayan zana Hansai ta ji komai. Ta ce a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi, "Maigida, a bar shi ya rufe. Ɗaki ai ɗaki ne. Ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Labaran ya ce da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ɗauki firam ɗin ya tura shi ƙarƙashin tarin taru, ya sauka bakin ruwa ya zauna. Kunya biyu ta rufe shi: ya ɓata tagar matarsa, ya kuma ɓata katakon da dattijo ya yi shekara uku yana tattali. Da ya ji labarin amalanke ya dawo ran Talata da yamma, sai ya ƙi hawa tudu.

Ran Laraba Malam Halliru ya share rumfa, ya miƙar da ƙusoshinsa, ya jira. Hantsi ya yi, ba Labaran. Da wani ne, da sai ya ce wanda ke da buƙata ai shi zai zo, ga sauran benci suna jiransa. Shi kuwa sai ya zare fensir daga kunne, ya saɓa zarto a kafaɗa, ya gangara unguwar masunta. A ranar maƙwabta da yawa sun makara, suna jiran kukan zarto.

Ya same shi a gaɓa yana ɗinkin tarun da ba ya buƙatar ɗinki.

"Ina aikina?"

Labaran ya ajiye tarun. Ya tashi ya jawo firam ɗin ya ajiye a gabansa, ya sunkuyar da kai yana jiran saukar faɗa. Masuntan da ke kusa suka daina abin da suke yi, don kowa ya san bakin Malam Halliru. Dattijon ya tsuguna, ya danna kusurwar da ke rawa, ya zura yatsa a ɗaya, ya kai katakon hanci ya sansana.

"Wannan ƙarnin kogi nake ji. Me ya kai shi ruwa?"

"Cewa ka yi kada rana ta taɓa su, Malam. Mu kuwa, abin da muke gudun ya tsage..."

Bai ƙarasa ba. Malam Halliru ya sake duban katakon. Can sai ya girgiza kai.

"Kwana nawa?"

"Huɗu. Kullum ina dubawa."

"Kullum kana dubawa," in ji shi, a hankali. "To, Labaran, wannan ɓarnar tawa ce. Manoma na saba koya wa, da 'ya'yan masassaƙa. Ban taɓa koya wa masunci ba, ban kuwa tsaya na tambayi yadda kuke adana ice ba. Icen jirgi da ruwa yake rayuwa, icen ɗaki da bushewa. Kalma ɗaya ce, ni ne ban faɗa ba. Ɗago kanka, muna da aiki."

Malam Halliru, kai ne ka faɗi wannan a gaban mutane, kai da ba a taɓa jin ka ce ka yi kuskure ko a kan tsawon ƙusa ba. Waɗanda suke wurin har yau suna maimaita shi. Kai ne ka ɗauke wa magidanci kunya ka ɗora wa kanka, don ka ga in ta zauna a kansa hannunsa ba zai sake riƙe zarto ba.

Sai dai magana mai daɗi ba ta zama katako. Busasshen falanki ya ƙare a rumfa, na benci ba nasa ba ne, kuma kafin a je Kano a dawo Juma'a ta wuce. Malam Halliru ya tsaya yana waige-waige. Can sama da gaɓa, a inuwar wata tsamiya, akwai tsohon jirgi a kife a kan duwatsu, gefensa ya tsage, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa. Ya je ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya sa kurfi ya ɗan kankare. Ciki ja ne, busasshe ƙarau, gara ba ta taɓa shi ba.

"Na wane ne wannan?"

"Jirgin Baba ne," in ji Labaran. "Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa. A cikinsa ya koya mini tuƙi. An sha neman a faskara shi, na hana."

"Na ji. Ni ban ce a yanka ba. Na dai ce maka yau duk faɗin Wudil ba busasshen maɗacin da ya kai wannan."

Ya samu wuri ya zauna, ya ɓara goro. Labaran ya tsaya yana kallon jirgin. Ana cikin haka tari ya taso daga bayan zana, ya yi ta yi, ya ƙi tsayawa, har wata maƙwabciya ta ruga da ruwa a moɗa. Labaran ya taka ya dafa bayan jirgin da hannu biyu, ya yi wa mahaifinsa addu'a, ya shafa. Sannan ya juyo idonsa jawur.

"Ta ina za a fara, Malam?"

Tsaga gindin jirgi da zarton hannu ba wasan yara ba ne. Wuni guda suka yi a kai, wannan ya ja ya gaji, wancan ya karɓa. Da azahar Malam Halliru ya je ya sami Haladu, ya lallashe shi ya ci gaba da ɗora sauran bango uku, ya bar gurbi a na wajen kogi. Ran Alhamis da safe aka sami katako huɗu masu kyau, aka goge su. Sai dattijon ya ja layi da fensir a bakunan, ya miƙa wa Labaran zarto, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Masunta suka ga abin ya yi yawa. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Haba Malam! Mace ba lafiya, gobe Juma'a, katakon kuma ba wani bayansa. Ka haɗa masa kawai mana."

"Da ni zan kwana a gidan, da na haɗa," in ji Malam Halliru. "Taga tana son mai ita. Ran da ta kumbura da damina, wa zai gyara? Kuma jirgin ubansa ne. Hannun ɗansa ya kamata ya shiga."

Ya faɗi haka ne fa, amma Barakatu ta ce ranar ko fura bai iya sha ba. Baki takwas Labaran ya yanka, kowane ɗaya Malam Halliru yana tsugune kusa da shi yana tauna goron da ya daɗe da ƙarewa. Ba a ji "mutumin ruwa" ko sau ɗaya ba. Da la'asar aka haɗa, aka sa ƙusa ɗaiɗai a kusurwa, sai zare ya fito daga aljihu. Aka ja ƙetaren farko aka ƙulla. Aka juya na biyu, ƙullin ya wuce kusurwa da kamar ƙwayar dawa biyu. Labaran ya ɗago ya dubi Malam Halliru.

"Kada ka firgita. Tsayar da shi a kan doguwar kusurwar, ka ɗan buga a ƙasa. A hankali, ba kifi kake kashewa ba."

Ya buga sau ɗaya. Aka sake gwadawa, ƙulli ya zauna daidai bakin kusurwa. Malam Halliru ya naɗe zarensa ya mayar aljihu, ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Waɗanda suka yi koyo a wurinsa sun san akwai wanda ya shekara biyu bai samu wannan "to" ɗin ba.

Ran Juma'a da safe Haladu ya ɗora firam a gurbinsa, ƙasa-ƙasa yadda Hansai ta roƙa, don ta riƙa ganin ruwa daga zaune. Malam Halliru bai tsaya gani ba, ya riga ya koma kan bencinsa da suka makara. Ƙyauren tagar Labaran ne ya yi shi da kansa daga ragowar jirgin. An gama rufi da kwana tara ruwan farko ya sauka.

Yau in ka bi ta unguwar masunta za ka ga tagogi a ɗakunan da dā ko ɓera ba ya samun iska, kuma yawancinsu aikin Labaran ne, yana yi in kogi ya ja baya. Babban zarton Malam Halliru ma a hannunsa yake yanzu. Amma shi mai koyarwar, shekara shida bai taɓa ganin tagar farkon ba. Tana bayan gida ne, a kan gaɓa mai tsayi inda ba hanya, cikin gida kuwa ba wurin shigar namiji baƙo ba ne. Ta ruwa kaɗai ake ganinta. Malam Halliru kuma, mutumin da ya tsufa a bakin kogi, bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Tsoron ruwa yake yi, ya kuma ce kowa ya je ya faɗa.

Mako biyu da suka wuce, bayan Malam Halliru ya bar rumfa, Labaran ya je zaurensa da la'asar ya ce ya zo ɗaukarsa. Aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe aka ga dattijo a tsakiyar jirgi, ya ƙanƙame gefe da gefe, yana salati, yana gaya wa Labaran cewa in suka kife ba zai yafe ba. Kogi ya cika, ruwa ya kawo har kusa da gindin ginin. Labaran ya kafa sanda ya tsayar da jirgi.

"Ga ta nan, Malam, sama da kanka kaɗan."

Malam Halliru ya ɗaga fuska, ya ƙanƙance ido, ya daɗe. "Ba na gani, Labaran. Fari-fari kawai."

Labaran ya juya wajen tagar. Sai ya ɗaga murya: "Hansai! Ga Malam na kawo."

Aka zare sakata, ƙyaure ya buɗe. Daga ciki murya ta fito, ta mace mai shekaru, amma a sake. Ta yi masa barka da zuwa, ta tambayi wuni, ta tambayi gajiya, ta tambayi Barakatu da yara da jikoki, ta tambayi idon, ta yi masa addu'a doguwa, ta haɗa da iyayensa. Yana amsawa da "lafiya lau" da "amin", kansa a karkace, kunnensa a sama. Da ta gama ta koma ciki, ya saki gefen jirgin da hannu ɗaya ya dafa gwiwar Labaran.

"Ka ji? Ta kai ƙarshen gaisuwa ba ta yi tari ba."

"Sai da sanyi yake ɗan taso mata yanzu, Malam."

"Ƙyauren ma bai yi ƙara ba." Ya sa hannun riga ya goge fuska, ya ce Labaran ne ya fantsa masa ruwa da sanda. Sandar kuwa tana kafe a laka tun ɗazu.

Malam Halliru, na Barakatu, mai zare a aljihu, mun gode. Kai ne ka zaunar da yaranmu a kan benci, ka rufe mana ɗakuna, ka buɗe mana tagogi, ba ka taɓa sa sunanka a jikin ko ɗaya ba. Kai ne ka bi ɗalibi har bakin ruwa ranar da ya kasa zuwa wurinka. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka sauƙin idon nan, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu sana'a, na Wudil da na wajenta, in wani ya zo muku da buƙata kuma hannunku a cike, kada ku sallame shi da "sai wani jiƙon". Ku zaunar da shi ku miƙa masa kayan aiki. In ya ɓata, ku fara tambayar dalili kafin faɗa, in kuma kunya ta hana shi dawowa, ku saɓa zarto ku bi shi. Mu sauran jama'a namu mai sauƙi ne. Zauren yana nan bayan durumi, dattijon yana ciki tun daga hantsi, farin goro yake so. Ku yi sallama da ƙarfi, ku faɗi sunanku, ku gaya masa wane aikinsa ne yake gidanku har yau. Zai yi muku faɗan yadda kuke riƙe da shi. Ku zauna ku saurara.